Kankare ba ya hana dirka ruɓewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da mutane za su ɗauka ƙarami, amma ni ya tsaya mini a rai. Ni kafinta ne, na fi shekara 30 ina riƙe da zarto a Zariya. Yanzu da ƙarfi ya ja baya na koma wani ɗan lambu da nake da shi a bakin Galma, ina renon dashen mangwaro da gwaiba da lemo.

A wani hadari na farkon daminar bana iska ta kayar da rumfar Islamiyyar unguwarmu. Allah ya taƙaita, da tsakar dare abin ya faru. Da a ce da la'asar ne, lokacin da yara ke cike a ƙarƙashinta, da yanzu wata maganar ake yi. Rumfar nan karo-karo aka yi aka kafa ta shekara 4 da suka wuce, dirka 12, kwano a sama. Da gari ya waye na je, na tarar kowa na cewa iska ce. Iska kam ta yi ƙarfi, amma rumfar mai shayin da ke tsallaken hanya, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, tana nan tsaye. Sai na sunkuya na duba dirkokin. Guda 7 sun karye a wuri ɗaya, daidai bakin siminti, kamar an sa igiya an auna. Daga nan zuwa sama lafiya lau, in ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar itace mai ƙwari. Na sa samari suka kawo diga muka tono kankare ɗaya. Abin da ya fito tukunya ce sak: gindi a toshe, gefe a toshe, baki a buɗe, kuma bakin ya nutse ƙasa da doron ƙasa da kamar inci 2. Na zura hannu a gurbin da dirkar ta bari, na ɗebo wani baƙin abu mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Can ƙasa ruwa ne kwance, alhali ruwan sama sau biyu kacal aka yi.

Ba zan kama sunan wanda ya yi aikin ba, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Abin da ya ga ana yi ya yi. Na tuna ranar da ake zuba kankaren har yaba masa aka yi, ana cewa bai yi ƙyashin siminti ba. Mu duka mun ɗauka cewa in an lulluɓe gindin itace da siminti an raba shi da ruwa da gara har abada. Kallon kitse muke yi wa rogo. Siminti yana riƙe dirka kada ta karkace, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa zama maganin ruɓewa ba, kuma in an zuba shi yadda aka zuba namu, shi da kansa yake kashe ta.

Ruɓewar itace aikin wata irin funfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu. Tana cin naman itacen daga ciki, kuma ba ta iya rayuwa sai ta sami danshi da iska da ɗumi a haɗe. In aka hana ta ɗaya, ta tsaya. Itacen da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa, shi ya sa ƙyauren gidan kakanka yake nan har yau. Haka kuma itacen da ya nutse cikin ruwa ko laka gaba ɗaya, inda iska ba ta kai masa, yana daɗewa ƙwarai. Birnin Benis na Italiya a kan turakun itace da aka kafa cikin laka yake zaune ɗaruruwan shekaru. Wurin hatsarin shi ne tsakani, wato daga doron ƙasa zuwa kamar ƙafa ɗaya ƙasa, inda danshi da iska suke haɗuwa. Duk wanda ya taɓa cire tsohuwar dirkar shinge ya ga haka: wuyanta ya cinye ya sirance, amma can ƙarshen gindinta da sauran ƙwari.

To ga abin da yanayinmu yake ƙarawa. Itace yana kumbura da damina, yana motsewa da hunturu. Kankare ba ya bin sa. In aka kafa dirka ɗanya, kamar yadda aka saba, hunturun farko zai tsotse ta ta rame, sai a sami ɗan tsagi tsakaninta da simintin, wani lokaci farce ne kawai zai shiga, wani lokaci har bakin wuƙa. Damina na zuwa, duk ruwan da ya bugi jikin dirkar zai gangaro ya bi tsagin nan. A Zariya muna samun ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, kuma a malkar Agusta sai a yi kwanaki ƙasa ba ta bushe ba. Da ƙasa ce ke kewaye da gindin, da ta shanye ruwan ta kuma bar shi ya bushe. Amma tukunyar siminti ba ta da mafita, kuma rana ba ta leƙa cikinta. Gindin dirka sai ya zauna a jiƙe daga Yuni har bayan kaka, a cikin ɗumi, iska na shiga ta tsagin. Babu abin da funfuna ke nema da ba a haɗa mata ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne iyayenmu sun san wannan. Je ka kowane ƙauye ka dubi rumbu. Ba a ɗora shi a ƙasa, a kan duwatsu ake ɗora shi, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kaji na shiga suna tsince gara, mai gida kuma in ya sunkuya yana ganin duk abin da ke hawa. Dubi azara. Daga giginya ake tsaga ta, ɓangaren waje mai baƙin zare da gara ba ta so, sannan a sa ta sama cikin busasshiyar ƙasa, nesa da danshi. Da ita Babban Gwani ya ɗaure bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma aikin ya kai zamaninmu. A gidanmu na ƙauye akwai dirkar kirya da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kafa wa rumfar awaki tun ina yaro. Ko cokali ɗaya na siminti bai sa mata ba. Ya ɓare ta, ya bar ta ta bushe, ya babbake gindinta a wuta, ya sa dutse a ƙasan ramin, ya daddaɓe ta da tsakuwa da jar ƙasa. An sauya rufin rumfar ban san sau nawa ba, dirkar tana nan.

Ba cewa nake a daina amfani da siminti ba. Rumfa mai kwano tana kama iska, kuma iskar farkon damina ɗaga rufi take yi sama, don haka tana bukatar nauyi a ƙafa. Maganar ita ce yadda za a zuba shi.

In dirka mai ƙafa 10 ce, a binne ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Faɗin rami ya ninka kaurin dirkar sau 3, wato mai inci 4 tana son rami mai inci 12. A ƙara zurfin da inci 6, a cika wannan ƙarin da tsakuwa zalla, a daddaɓe. Dirkar ta zauna a kan tsakuwar, a ƙara wata kaɗan ta rufe gindinta da kamar inci 2, sannan a fara zuba kankare. Ka ga ke nan simintin ya zama zobe a jikinta, ƙasansa a buɗe, duk ruwan da ya shiga yana da hanyar fita. Nan ne kuskuren da aka fi yi: lebura ya fara watsa kankare a ƙasan rami don dirkar ta sami wurin zama, to daga nan an riga an gina tukunya. Haɗin da na saba da shi shi ne kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma kada a tsinka shi da ruwa don a ji daɗin zubawa. A soka shi da sanda yayin da ake zubawa don ya zauna babu rami a ciki. Sannan, wannan shi ne na biyu a muhimmanci, kada a tsaya a doron ƙasa. A ɗaga shi sama da inci 2 ko 3, a shafe shi da gangare kamar jinka, tudunsa a jikin dirka, yadda ruwa zai zirare waje. Masu son kyau sukan bar shi ƙasa-ƙasa su rufe da turɓaya don kada a gan shi. Wannan ado ne mai tsada, don sun mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa daidai wuyan itacen.

A tokare dirkar da sanduna biyu, a duba tsayuwarta da igiya mai dutse, a bar ta. Kankare yana son a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Ba sai an jira wata guda kafin a yi rufi ba, amma mai hawa ya buga kwano washegari yana girgiza dirka a cikin ɗanyen siminti, shi ya buɗe tsagin da hannunsa tun kafin hunturu ya zo. Bayan hunturun farko kuma a dawo a duba. In tsagi ya fito, a narka kwalta a cike shi kafin ruwa ya sauka. Aikin rabin yini ne.

Sai dai akwai inda tsakuwa ba ta aiki, kuma ni a lambuna na koyi wannan. A fadama, inda ƙasa laka ce mai riƙe ruwa, ramin tsakuwa shi kansa rijiya yake zama, don ruwan ba shi da inda zai tafi. A irin wannan wuri kada itace ya shiga ƙasa sam. A zuba ɗan ginshiƙin kankare ya fito sama da kamar inci 8, a sa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe mai faɗi da kauri ya yi baki biyu kamar gwafa, a dasa gindinsa cikin kankaren tun yana ɗanye. Dirkar ta zauna a tsakanin bakin biyu, a ɗaure ta da noti biyu, a bar tazarar inci 1 tsakanin gindinta da simintin yadda iska za ta wuce. Rumbu ne dai aka sake yi da ƙarfe. Rumfar da nake ajiye dashe a ƙarƙashinta haka take, kullum ana ban ruwa a wurin safe da yamma, kuma gindin dirkokinta a bushe yake. Abu ɗaya da za a kiyaye: dirkar da ke kan ƙarfe ba ta da ƙarfin tsayuwa da kanta kamar wadda aka binne, saboda haka dole a sa mata tokara a kusurwa, gajeren katako a karkace daga dirka zuwa kan gungumen da ke ɗauke da rufi. Na ga wanda ya bar tokara don ya rage kuɗi, rumfar ta kwanta gefe guda ba tare da ko dirka ɗaya ta karye ba.

Shingen lambu kuwa, ko rumfar kabewa da makamantansu marasa nauyi, ni ban ga dalilin ɓata siminti a kansu ba, balle yadda ya yi tsada yanzu. Tsakuwa da jar ƙasa, a zuba kaɗan a daddaɓe, a ƙara a daddaɓe, sun isa. Ranar da dirka ta mutu ka zare ta ka sa wata, ba ka fasa dutse da diga ba. Masu noman inabi na yankin Kudan da Hunƙuyi su ne nake so su yi tunani sosai a nan, don rumfar inabi tana ɗaukar nauyi shekara da shekaru, ana ban ruwa a gindinta, kuma in layi ɗaya ya faɗi lokacin da 'ya'ya suka nuna, asarar ba ta itace ba ce kaɗai.

Sai maganar itacen kansa, don ko an yi ramin daidai, ruɓaɓɓen zaɓi ba ya gyaruwa. Dirkokin Islamiyyarmu ƙananan sandunan bishiyar turare ne, irin waɗanda magina ke tokare rufin kankare da su, da ɓawonsu aka kafa su. Yawancin itace yana da zuciya a tsakiya, mai duhu da ƙwari, da kuma farin nama a waje ƙarƙashin ɓawo. Farin nan na kowace bishiya, har ta kirki, abincin funfuna ne da gara. Ƙaramar sanda kuwa kusan dukkanta fari ce. Kirya da marke da zuciyar itacen tik suna jure ƙasa. Malaina da ɗanyen turare ba sa jurewa sai da magani. Na san kirya ta yi wuya, masu gawayi sun bi ta, kuma ba zan ce a je a sare sauran da suka rage ba. Wanda bai sami itace mai ƙwari ba, gara ya ɗora abin da ya samu a kan ƙarfe, ko ya sayi bututun ƙarfe ya huta.

In za a sa magani, a fara ɓare ɓawo, a jera itacen a inuwa a kan duwatsu ya bushe. Wanda aka sare da kaka ya dace da aikin bazara. Ɗanyen itace ba ya shan magani, cikinsa a cike yake da ruwa. Kuma shafawa da buroshi fata kawai take taɓawa. A sami rabin duro, a zuba maganin katako irin su Solignum, a tsayar da gindin dirkokin a ciki su kwana biyu, don itace ta bakin da aka yanka yake sha, kamar karan dawa. Maganin ya haura inda bakin kankare zai tsaya da aƙalla inci 6. In ya bushe a shafa kwalta a wuyan, daga sama da bakin simintin zuwa ƙafa ɗaya da rabi ƙasa, amma a bar ƙarshen gindin a buɗe. Masu ɗaure gindi cikin leda kuma su sani wata tukunyar suka ƙara yi. Kan dirkar da ke waje, wadda rufi bai rufe ba, a yanke shi a karkace ko a kifa masa gwangwani.

Baƙin mai fa? Na san shi kowa ke nema wurin makanikai don araha. Ni ba na sa shi a lambu, kuma ina roƙon jama'a su bar shi kusa da rijiya da kayan miya. Yana zirarewa cikin ƙasa da ruwan sama, yana ɗauke da dattin inji, kuma rijiyoyin fadama ba su da zurfi. Haka tsofaffin turakun lantarki masu warin nan, maganin da ke jikinsu yana ƙona fata, ba su dace da inda yara ke jingina ba. Akwai kuma katako mai ɗan kore-kore da aka dafa da magani a masana'anta. Yana daɗewa a ƙasa, amma wani irinsa yana da gubar asanik, har Amurka ta daina amfani da shi a ayyukan gida daga ƙarshen 2003. Guntayensa kada su shiga murhu, tokarsa kada dabba ta lasa.

Gara ita ma ta sami rabonta a rumfarmu, guda 3 daga cikin dirkokin da suka karye cikin gindinsu duk ƙasa ce. Gara ba ta son haske da busasshiyar iska, shi ya sa take gina hanyarta da laka. Ba ta cin siminti, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma in ta bi ta cikin kankare ta shiga gindin itace, babu mai ganinta sai ta gama. Itacen da funfuna ta riga ta tausasa kuwa ya fi mata daɗi. Dirkar da ke kan ƙarfe ta fi a nan ma, don dole gara ta fito fili ta gina hanya a jikin ginshiƙin, kowa ya gani ya kankare. A kuma kwashe guntayen katako da allunan da aka zuba kankare da su, kada a binne su a wurin, kiran gara ne.

Roƙona ga kwamitocin masallatai da makarantu, da duk wanda ke riƙe da kuɗin jama'a, shi ne su tsaya a bakin rami ranar da ake kafa dirka, su ga abin da aka fara zubawa. Bayan an rufe babu mai sanin abin da ke ƙasa. Rumfunan da aka riga aka kafa kuma, kafin kowace damina wani ya zagaya da ƙusa mai inci 4, ya tone ƙasar da ke wuyan kowace dirka, ya soka. In ƙusa ta shige da ƙarfin hannu kawai, a tokare rumfar a sauya dirkar, kada a jira hadari. Malaman makarantun koyon sana'a da manyan kafintoci da birkiloli masu yara a hannunsu, su ma su nuna musu wannan, don yaron da ya koyi zuba tukunya zai yi ta zuba ta har ya tsufa.

Tamu rumfar mun sake tayar da ita. An yi gardama a kwamiti, wasu suna ganin kuɗin walda ya yi yawa, amma da aka lissafa da kwanon da ya lalace sai aka yarda. Yanzu a kan ƙarfe take, da tokara a kowace kusurwa, yara sun koma karatu. Kankaren da muka tono kuwa na sa an kai mini shi a baro, na ajiye a ƙofar lambu da guntuwar dirkar a cikinsa. Duk mai shirin kafa rumfa da ya biyo ta bakin Galma, ya tsaya ya zura hannu ya ji.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon kafinta,
Zariya, Jihar Kaduna.